Gemun Ladan Yana Ƙamshin Shayi

A ƙauyen nan da ke bayan dutsen Garhanga, babu wanda bai san Maiguwa da shayi ba. Wajen Buzaye ya koyo shi tun yana saurayi, har ya fi malaman nasa, don butarsa ba ta sauka daga gawayi sai in barci ya kwashe shi. To, shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, muryar tsohon ladan ta ƙare, sai liman Malam Ɗayyabu ya ce Maiguwa ya riƙe kiran salla na watan. In aka sha ruwan ƙarshe lafiya, ladanci ya zama nasa. Maiguwa yana son abin nan kamar ransa. Mutanen gari kuwa suka ce a dai zuba ido, mutumin da ba ya kai hantsi babu shayi, ina zai kai magariba?

Ana cikin haka Alƙasim ya dawo daga Abijan. Taubashin Maiguwa ne, ɗan kawunsa, kuma tun suna yara bai taɓa ba shi ko goro ba sai da wata ƙullalliya a ciki. Ya buɗe balis, akwatin tafiyarsa, ya zaro kwalbar turare mai launin zuma.

"Ga kadonka, ladan, tsarabar Abijan. Ambar na. Wanda ka kiran salla bai kamata shi riƙa warin awaki ba."

Maiguwa ya shinshina, ya ji ƙamshi mai ɗumi kamar ƙaro a kan garwashi, har da godiya, bawan Allah. Abin da bai sani ba, turaren nan yana da wani hali. In jiki ya ɗau zafi, gumi ya tsatso, sai ƙamshin shayi ya biyo baya, sak wanda aka sauke yanzu. Alƙasim ya san haka sarai, shi ya sa ma ya saya. Hancin Maiguwa kuwa ya daɗe da daina jin shayi, yadda majemi ba ya jin warin fata.

Da azahar ya shafe gemu da hula, ya yi kira, ya shiga sahu. Kusa da shi akwai Tsoho, dattijon da idonsa ya raunana amma hancinsa yana nan garau. Tsoho ya ja iska, ya sake ja, ya ɗan matsa gefe. Kafin la'asar magana ta kai bakin rijiya. Maiguwa bai san ana yi ba, kullum sai ƙara shafawa yake yi, yana jin daɗin yadda ake waiwayensa.

Ranar Alhamis liman ya ja shi gindin itacen bedi, wato dogonyaro.

"Maiguwa, ni ba ni zarginka. Amma jama'a sun ce gemunka na ƙamshin abin da ba a sha da rana."

"Malam, wallahi ban sha komi ba! Kaina ma kamar shi tsage don rashin shi."

"Na jiya. Amma in maganag ga ba ta mutu ba, dole in ba wani kiran."

Ya koma gida ransa a ɓace, ga ƙishi, ga takaici. Abin da ya fi ƙona shi, ana zarginsa da shayin da yake kwana yana mafarkinsa bai sha ba. Ya jefar da hula kan tabarma. Matarsa Biba ta ɗauka za ta rataye, sai ta tsaya, ta kai ta hanci.

"Malam, hulag ga ma ta karya azumi?"

Ya dube ta, ya dubi hular.

"Wa ab ba ka turaren nan?" Biba ta tambaya.

"Alƙasim."

"To," in ji Biba, ta koma wajen dakanta tana dariya.

Maiguwa ya zauna yana tunani. In ya daina shafawa, cewa za a yi an kama shi ya tuba. In ya yi bayani, wa zai yarda kwalba tana dafa shayi?

Ranar Juma'a ya riga kowa zuwa, ya tsaya bakin ƙofar masallaci da kwalbarsa. Turaren Juma'a sunna ne, kuma ba a mayar da kyautar turare. Duk wanda ya zo sai ya miƙa hannu, Maiguwa ya ɗiga masa, ya goga a gemu da wuyan riga. Tsoho ya samu kashi biyu. Liman kuwa hannayen rigarsa duka aka jiƙa masa, don girmamawa. Da Alƙasim ya iso ya ga abin da ake yi, sai ya soke hannuwa cikin aljihu.

"Ni na gode, na shafa nawa gida."

Masallacin laka ne, ƙofa ɗaya, taga biyu, ga rana tsaka. Huɗuba ba ta yi nisa ba gumi ya fara aiki. Sahu bayan sahu, ƙamshi ya tashi kamar an kifar da buta a tsakiyar jama'a. Cikin wani ya yi ƙugi. Mutane suka shiga hararar juna, kowa yana janye kafaɗa daga maƙwabcinsa. Liman ya ɗaga hannu zai share goshi, sai ya tsaya cak, ya sake kai hannun rigar hanci. Daga nan ya taƙaita huɗuba.

Ana sallamewa aka fito waje, dariya ta ɓarke, don an gane aikin turaren ne. Malam Ɗayyabu ya dafa kafaɗar Maiguwa a gaban kowa, ya ce kada ya makara da kiran la'asar.

Tsoho kuwa bai yi dariya ba. Bin mutane yake yi ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa, har ya zo kan Alƙasim. Ya ja iska, ya matso, ya sake ja.

"Ikon Allah. Kowa na ƙamshin shayi, kai kaɗai ab babu. Yaro, da mi kaw wanke bakinka?"

Jama'a suka juyo gaba ɗaya. Alƙasim ya fara rantse-rantse, ya ga babu mai saurarensa, sai ya ruga wajen taubashinsa da hannu a miƙe.

"Ɗan'uwa, don Allah ɗiga min ko kaɗan."

Maiguwa ya cire murfi, ya kifa kwalbar a tafin hannun Alƙasim, ya girgiza ta da kyau don kowa ya gani. Ko ɗigo bai fito ba.