Ƙwayar Osmiyum ta Ɓata

Malamin kemistiri yana da darasi guda da yake ɗokin zuwansa kowace shekara. Yakan sa ɗalibi ya rufe ido ya miƙo tafukansa biyu. A ɗaya sai ya ɗora masa ƙwayar baƙin ƙarfe, a ɗayan kuma wata ƙwayar mai girma daidai da ita, fara mai ɗan shuɗi-shuɗi, da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Nan take ɗalibin zai buɗe ido yana dariya, don ta biyun ta kusa ninka ta farko sau uku a nauyi. Daga nan Malam zai rubuta sunanta a allo: osmiyum, ƙarfen da in aka gwada girma da girma babu mai nauyinsa, ko dalma, ko zinariya.

A wannan makon ana fentin ɗakin gwaji na makaranta, shi ya sa ya taho da ƙwayoyin gida a cikin 'yar kwalbarsu. Ranar Asabar da hantsi ya zauna a teburin falo yana goge su da ƙyalle, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai gyaran famfo ne da aka daɗe ana jira. Malam ya miƙe da hanzari ya je ya nuna masa bututun da ke yoyo a bayan gida.

Da ya dawo, sai ya tarar da Auta, 'yarsa mai shekara biyu, ta hau kujerarsa tana mamular baki. Ƙwayar baƙin ƙarfe na nan kan ƙyallen, amma 'yar'uwarta babu ita.

Ya durƙusa a gabanta. "Auta, buɗe baki Baba ya gani."

Ta wangale baki. Babu komai sai 'yan haƙora da yawu.

"Ina ƙwallon Baba? Kin haɗiye?"

Ta gyaɗa kai.

"Ko kin jefar?"

Ta sake gyaɗa kai, tana murmushi.

Matarsa ta fito daga kicin da hannu a jiƙe. Suka ɗaga kujeru, suka kakkaɓe darduma, mai gyaran famfo ma ya haska musu ƙarƙashin kabad da fitilar wayarsa. Aka samo murfin biro da maɓalli da ɗan kunnen da ya ɓata tun bara. Ƙwayar dai shiru.

"Baban Auta," in ji matar, "ba wannan ne ka taɓa ce mini yana makantar da mutum ba?"

"A'a, ba shi ba ne. Wato shi ne, amma ba a haka ba."

"Ka yi mini Hausa, ni ba ɗalibarka ba ce."

A cikin tasi, a hanyarsu ta zuwa asibiti, ya yi mata bayanin daki-daki, kamar yadda ya saba. Idan ƙarfen nan gari ne, in ji shi, yakan haɗu da iska ya ba da wani tururi mai wari mai yaji, kuma tururin ne ke cutar da ido da huhu. Amma dunƙulalle irin nasa ba ya narkewa da sauƙi, ruwan cikin mutum ba zai ci shi ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ya kuma sha faɗa wa ɗalibai ba tare da ko ɗar ba. Sai dai yau yana magana yana kallon idanun Auta, yana jin kamar wani ne ke karanta masa. Can ƙasan zuciyarsa kuma wata tambaya ta tsaya masa wadda babu ita a darasinsa: abu mai nauyi haka, idan ya samu lungu a 'yar hanjin nan ya zauna fa?

Likitar yara ta tattaɓa cikin Auta, ta saurari ƙirjinta.

"Batir ne, ko maganaɗisu?"

"Babu ko ɗaya. Osmiyum ne."

Likitar ta ɗago. "Na ga masu haɗiye kwabo da ƙusa, amma wannan yau na fara ji. Me ake yi da shi?"

"Tauri gare shi, ba ya cinyewa. Ana gauraya shi a sa a bakin alƙalami mai tawada, a da ma har da allurar garmaho. Ku ma a asibiti ana rina tsoka da ruwansa kafin a duba ta da na'urar hangen ƙananan abubuwa."

"To, mu fara ganin inda ya sauka," in ji ta, ta tura su ɗakin hoto.

Mai ɗaukar hoton wata dattijuwa ce mai fara'a. Ta kalli Auta ta riƙe haɓa. "Ƙawata, duk abincin duniya ba ki ga na ci ba sai kayan aikin Baba?" Ta ce uwar ta jira a waje, ta rataya wa Malam rigar dalma mai nauyi da ke kare jiki daga hasken na'urar, ta ce ya riƙe yarinyar kada ta motsa. Auta kuwa da ta ji sanyin gadon sai ta ɓare baki tana shure-shure, har sai da ya danne ƙugunta da hannu biyu.

Hoton ya fito a allon kwamfuta. Ga 'yan haƙarƙari, ga ƙashin baya, ga kuma wani ɗigo fari fat a ƙasan ciki ta dama, ya fi kowane ƙashi haske. Malam ya san dalili: hasken na'urar ba ya iya ratsa ƙarfe mai nauyi haka.

"Ga mutumin," in ji dattijuwar a hankali. "Kada ka tashi hankalinka, Malam. Mu juya ta gefe mu ga zurfinsa."

Suka kwantar da Auta a gefenta, ya sake riƙe ta. Da hoto na biyu ya fito, dattijuwar ta matso da fuskarta kusa da allon. Ɗigon yana nan da haskensa, amma ya bar cikin yarinyar gaba ɗaya. Yana can waje, a sarari, dab da inuwar ƙashin hannun babban mutum.

Ta juyo ta dube shi daga sama har ƙasa. "Malam, miƙo hannunka na dama."

Ya miƙa. Hannun rigarsa a naɗe yake ninki biyu, yadda yake naɗe shi kullum saboda ƙurar alli, har ya zame masa jiki ko ranar da babu makaranta. Ta sa yatsa ta warware naɗin. Wani abu ya faɗo kan tayil da ƙara, ya ɗan gangara ya tsaya a gindin gadon.

Malam ya tsaya yana kallonsa. Sai yanzu ya tuna: ƙwayar na cikin ƙyallen a hannunsa lokacin da aka ƙwanƙwasa ƙofa, ya miƙe a gaggauce, ashe ta zame ta faɗa naɗin.

"Alhamdu lillahi," ya ce, ya sake cewa. Ya zauna a kan kujerar da ke kusa, da rigar dalmar a jikinsa, ya rungume Auta yana dariya, hawaye na zubo masa.

Dattijuwar ta buɗe ƙofa ta leƙa. "Maman yarinya, shigo. Ƙawata ba ta ci komai ba. Mai laifin ga shi nan zaune."

Matar ta shigo da gudu, ta dubi hoton, ta dubi hannun rigar da aka warware, ta karɓi 'yarta ta ƙanƙame. Sannan ta share ido da gefen mayafinta.

"Wato tun daga gida kai kake ɗauke da shi? A tasi kana ta yi mini lacca, abin yana hannunka?"

"Yana hannuna, Maman Auta."

"Kai da ka ce babu abin da ya kai shi nauyi, ba ka ji shi ba?"

Dattijuwar ta tsinci ƙwayar ta naɗe a auduga, ta miƙa masa. Matar ta riga shi karɓa, ta jefa a jakarta ta ja zip.

"Ranar Litinin zan ba ka a bakin ƙofa," in ji ta. "Tashi mu je, mun bar mai famfo shi kaɗai a gida."