Bakwai da Minti Goma Sha Uku

Ran Asabar Yaya ta kira ni cin abincin rana, wai 'yarta ta samu ƙarin girma a wajen aiki. Yarinyar nan ni na fara ɗora hannunta a kan kwamfuta tana firamare, shi ya sa har yau nake ce mata Injiniya, ita kuma take ce min Kawu da wani irin girmamawa da ni kaina na san ya fi ƙarfina.

Muna falo, fankar nan da Yaya ta ƙi bari a gyara tana ta ƙara a samanmu, sai Injiniya ta ajiye cokali ta ce, "Kawu, albishirinka. Ƙararrawa muka zaɓa."

Na mayar da lomar da na ɗauko cikin kwano.

Ƙararrawa laburare ne da na rubuta shekara shida da suka wuce, wato ɗan guntun shiri da masu haɗa manhaja ke ɗauka su saka a cikin nasu aikin. Nawa lissafin ranaku yake yi, ya aika saƙon tunatarwa a kan lokaci. Na sake shi kyauta, kowa na iya gani, kowa na iya ɗauka. A shafinsa akwai ƙananan akwatuna a jere, kowace rana da nata, ranar da mai shi ya taɓa aikin sai akwatin ya zama kore. Mu 'yan wannan sana'a kafin mu ɗora aikinmu a kan laburaren wani, waɗannan akwatunan muke fara leƙawa, mu ga ko yana da rai ko an watsar da shi.

"Manhajar ƙananan asibitoci ce," in ji ta, "mai tuna wa iyaye mata ranar rigakafi. Oga ya so a ɗauki wani laburaren, na miƙe a gaban kowa na haska shafinka a bango. Na ce ku duba, kwana ɗari huɗu a jere babu fashi. Na ce mai shi kawuna ne, shi ya koya min aikin nan. Shi ne fa Oga ya ce tunda ni na tsaya masa, ni zan riƙe aikin gaba ɗaya. Litinin za mu fara."

Yaya ta ce, "Ka ji ko? Da ka ce ba ka da amfani a dangi."

Na yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. Gaskiyar magana, rabona da buɗe Ƙararrawa wata goma sha huɗu ke nan. Tun da aka haifa min tagwaye, kuma na koma aiki a kamfanin jigilar kaya, in na dawo gida ko takalmi da ƙyar nake cirewa. Na kasa ci gaba, na kuma kasa fitowa in ce na gaji, domin a duk duniya wannan ne abu ɗaya da baƙi suka san ni da shi. Sai na rubuta wani ɗan shiri mai layi shida. Kullum da safe ya buɗe wani fayil, ya canza kwanan wata, ya tura da sunana, akwati ya yi kore. Na ƙara da na biyu, duk wanda ya kawo ƙorafi ya ba shi amsa nan take: "Na gani, zan duba."

Injiniya ta jawo kwamfutarta ta dawo kusa da ni a kan doguwar kujera. "Abu ɗaya ne kawai, Kawu. In lissafi ya tsallaka sabuwar shekara, saƙon yana makara da kwana guda. Na rubuta maka a shafin ran Alhamis, ka ce ka gani. Ka duba?"

"Ina kai," na ce. Ko sanin ta rubuta ban yi ba.

"Bari in ga aikin da ka yi yau, in koyi wani abu."

Da na iya riƙe mata hannu da na riƙe. Ta danna. Layi ɗaya ne ya canza, kwanan wata. Ta danna na jiya, haka. Na shekaranjiya, haka. Ta yi ta komawa baya, yatsanta na rage sauri, duk ƙarfe bakwai da minti goma sha uku na safe. Can ta tsaya a kan wata rana ta daɗe tana kallo.

"Kawu," ta ce a hankali, "wannan ranar aka yi maka aikin ido. Ni na raka ka. Ƙarfe bakwai kana kan gado an rufe maka fuska."

Na so in yi borin kunya, in ce ai dabara ce ta gwaji, yara ba za su gane ba. Na fasa. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, har kunnuwana suka ɗau zafi. Na faɗa mata komai, da murya ƙasa-ƙasa, ina kallon zanen kafet.

Yaya ta leƙo daga kicin da tire a hannu. "Lafiya kuka yi tsit? Ko kwamfutar ce ta cinye muku harshe?"

"Ba komai, Mama," in ji Injiniya, har da ɗan murmushi. "Kawu ne ke nuna min wani abu."

Wannan rufin asirin ya fi min zagi ciwo.

Da Yaya ta koma, Injiniya ta juyo gare ni. "Ba fushi nake ba don ka gaji, kowa na gajiya. Tambaya ɗaya ce. Za ka ci gaba da shi ko ba za ka ci gaba ba?"

"Ban sani ba."

"To ka rubuta haka. Akwai wasu irina da ke kallon koren nan."

Ta miƙo min kwamfutar. A gabanta na kashe ɗan shirin safen, na rubuta a saman shafin cewa wata goma sha huɗu ban taɓa aikin nan ba, kuma ban san makomarsa ba. Layi biyu ne, amma sai da na goge na sake sau huɗu. Na ce ta ba ni lambar ogansu in yi masa bayani da kaina.

"A'a, Kawu. Ni na cika baki a gabansu, ni zan je in janye."

Lahadi da safe akwatin ya wayi gari fari. Na yi ta leƙa shi kamar mai taɓa gurbin haƙorin da aka cire.

Litinin da rana ina ofis sai ga saƙonta a shafin, inda kowa ke gani. Ta rubuta shi da sunan kamfaninsu, babu Kawu babu wasa. Ta ce an ba ta mako guda: ko dai a samu wanda zai kula da Ƙararrawa da gaske, ko su koma wani laburaren a miƙa aikin ga wani ba ita ba. Tana tambaya ko mai shi zai yarda ya ba ta izinin gyara da sakin sabon salo, ita za ta ɗauki nauyin.

Na gyara zama, na ɗora yatsu zan amsa, sai na ga an riga ni. A ƙarƙashin saƙonta, da sunana da hotona, an rubuta: "Na gani, zan duba." Ashe shirin farko kawai na kashe, na manta da na biyun.

Minti ɗaya bai cika ba ta sake rubutowa. "Kawu, kai ne ko shi ne?"

Na lalubo shirin mai ba da amsar. Sannan na kashe shi, na tura mata izinin, na rubuta mata cewa wancan shi ne, wannan kuma ni ne.