Jan Layi a Bakin Rafi

Orval Tackett ya riƙo hannun tsohuwa Eulah yana tallafa mata ta hau motar coci, ita kuwa bakinta bai huta ba.

"Sake ni, Orval, ban zama gawa ba tukuna. Je ka gyara wuyan rigarka, kamar wadda akuya ta tauna. Yau kai ne bakinmu."

"Ya yi aski ma fa, Inna," in ji Dewey direba. "Wa ya sani ko a ɗauko shi a talabijin."

Aka yi dariya. Orval ya yi murmushi, ya zauna kusa da taga. Motar ta bar unguwar Kwari ta haye gadar rafi, ta tsaya a makiyayar Combs, inda gwamnati ta jera gidajen kwano masu taya bayan ambaliya. Nan ma mutane suka shigo. 'Yarsa Jolene ba ta shigo ba. Ta ɗaga masa hannu daga nesa, tana ɗura yashi a buhu, don rediyo ya ce ruwa na tafe.

Abin da zai kai su birni ba ɓoyayye ba ne. Duk bayan ƙidayar jama'a, jiha takan sake shata mazaɓun majalisar dokokinta. Bana hukumar da aka ɗora wa aikin ta ce kowace unguwa ta zana iyakarta ta aiko, don kada a yanka ta biyu. Mutanen Kwari abu ɗaya suke so: a bar su tare, a bar musu 'yar majalisarsu Loretta Sizemore. A Kwari aka haife ta, kuma ita kaɗai ke ta faman a gina musu katangar tare ruwa. Maganar ta yi nisa, saura zaman majalisa na gaba. Orval bai cika zancen katangar ba. Ambaliyar da ta wuce ce ta tafi da matarsa Nadine, a cikin ɗakin girkinta.

Ranar da aka yi zanen, ranar suyar kifi ce a coci. Aka ture faranti, aka shimfiɗa taswira a teburi, aka miƙa wa Orval jan alƙalami, don shi ne dattijon cocin. Ya taso daga layin dogo, ya zagaye maƙabarta, ya gangaro ya bi bakin rafi har ya haɗe.

"Haka ne," in ji Eulah da kifi a bakinta. "Kwari a rafi ya tsaya. Ƙetare na shanu ne."

Kowa ya gyaɗa kai. Haka iyayensu suka faɗa, haka kakanni. Rabin masu gyaɗa kan nan sai da suka haye gada kafin su zo cin kifin, amma in ka tambayi kowanne ina ne gidansu, bakin titin da aka haife shi zai nuna maka, ko da matakala kawai ta rage a wurin. Loretta tana babban birnin jiha ranar. Aka liƙe takardar aka aika.

Zauren makarantar da ake taron ya cika da mutanen garuruwa daban-daban. An manna sabuwar taswira a bango, kowace mazaɓa da launinta. Dewey ne ya fara gano wurin.

"Ga mu nan! Rawaya! Ko lungu ɗaya ba su yanke ba!"

Eulah ta ɗaga sandarta sama. Wani ya daki kafaɗar Orval. Shi ma ya yi ta murmushi, har sai da ya hango Loretta a ƙarshen taswirar, ta naɗe hannu, ba ta dariya.

"Loretta, lafiya?"

"Baba Orval, ina nake kwana?"

"Gidan babanki mana, kusa da tsohon injin niƙa."

"Gidan babana yana ƙasan rafi. Ina nake kwana, na ce."

Ta ɗora yatsa a ƙetaren rafin, inda take kwana tun bayan ambaliya. Makiyayar Combs shuɗiya ce, kuma shuɗin ya miƙe ya tsallake dutse har wata gunduma da ko kasuwa ba sa ci tare. Ta dawo da yatsan kan rawayan, ta bi shi ya hau tudu, inda mutanen birni suka gina sababbin gidaje masu filin ciyawa.

"Doka ta ce inda kake kwana nan kake tsayawa takara," ta ce a hankali. "Ni yanzu 'yar bayan dutse ce. Ku kuma an haɗa ku da mutanen tudu."

Dewey ya cire hularsa ya matso da fuska kusa da bango. "To ni ma shuɗi ne ke nan? Ni da na riƙe masa gefen takardar?"

Da aka kira sunansa, Orval ya taka zuwa gaban lasifika. Jawabin da ya kwana biyu yana maimaitawa na godiya ne, bai da wani. Shugabar hukumar mace ce mai tabarau da sanyin murya.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "mutanen ƙetaren nan namu ne. 'Yata tana can. Ruwa ne ya kai su, ba ƙaura suka yi ba. Muna roƙo a matsa layin kaɗan."

Ta dubi takardunta, ta yi wa wani ma'aikaci alama. Sai ga zanen nan ya fito a jikin farin bango, ƙato, har da tabon man kifi a gefe. Jan layin ya kwanta a bakin rafi, ba karkace ko kaɗan.

"Wannan ne naku, ko ba shi ba?"

"Shi ne."

"Dattijo, zane da yawa sun zo mana, wasu ma ba mu gane kansu ba. Naku ya fi kowanne fita fili, shi ya sa muka bi shi sak." Ta cire tabarau. "Dole ne kowace mazaɓa ta zo daidai da 'yar'uwarta a yawan mutane. In na matsa layinku, sai na taɓa na wasu har bakin iyakar jiha, kuma lokacin gyara ya ƙure. Ku ne misalin da muke bayarwa na unguwar da aka bari a haɗe. Mun gode muku."

Mutanen wasu garuruwa, waɗanda aka yanka nasu gida uku, suka tafa masa. Wani ma ya miƙo hannu su gaisa yayin da yake komawa kujera.

A wajen zauren hadari ya haɗu. Ya iske Loretta tana neman makullin motarta.

"Akwai ɗakin Jolene na da," ya ce. "Na sake masa daɓe. Ki dawo ki zauna a wurina, sai ki zama tamu a takarda."

"Ni da ma taku ce." Ta zaro makullin daga jaka. "In na dawo, na bar wa wa na ƙetaren? Kuma ka ga yawan mutanen tudu? Ruwa bai taɓa jiƙa musu ko takalmi ba. Wa zai ce musu su zaɓi katanga?"

"To katangar fa?"

"Zan kai ta zama na gaba. Ɗan majalisar da ya san ba zan dawo ba, ban ga abin da zai sa ya ba ni ƙuri'arsa ba." Ta gyara masa wuyan riga. "Je ka, ruwa zai same ku a hanya."

A mota Eulah ta buɗe ƙunshin burodin masara da ta yi don murna, ta dube shi, ta sake naɗewa. Can ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, "Ni na ce na shanu ne."

Yayyafi ya fara kafin su iso. Dewey ya tsaya a makiyayar Combs, mutanen wurin suka sauka. Ya kai hannu zai rufe ƙofa, sai ya ga Orval ya miƙe.

"Baba, ba mu haye gada ba fa."

"Na sani."

Ya sauka cikin taɓo da takalminsa na coci. Daga nan ana ganin rafin, ya yi ja, ya fara lasar ciyawar wannan gefe da ta wancan. Jolene na nan inda ya bar ta, gashinta ya jiƙe, buhunan sun kai mata gwiwa. Labari ya riga shi isowa. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ɓatan hanya ka yi, Baba? Nan ba Kwari ba ne."

Ya cire kwat ɗinsa ya rataye a ƙofarta, ya karɓi shebur daga hannunta.

"Riƙe bakin buhun," ya ce.