Batirin da Ƙasa Ta Ƙi Ci

Da Mai Igiya ya san abin da buhun nan zai jawo wa gidansa, da a kan gadonsa ya ajiye shi, shi ya kwana a tabarma. Amma bai sani ba. Ya tura shi bayan ƙyauren ɗakin ajiya, ya kakkaɓe hannu, ya ce gobe ya ga yadda za a yi.

Tsohon batirin kekensa ne a ciki. Shekara uku ke nan da ya koma keken lantarki, tun da gwiwoyinsa suka fara ƙin taka feda da dammunan igiya a baya. Keken ya yi masa rana, ba ya musu. Sai dai batirin ya mutu, ya kumbura ta gefe guda, kuma tun da ya sa sabo tsohon ya zame masa ƙarfen ƙafa.

Bakanike ya fara kai wa. Mutumin ko hannu bai sa ba.

"Mai Igiya, dubi rumfata. Katako ce da leda. So kake in zo da safe in tarar da toka? Mayar musu inda ka saya."

A kantin, mai jiran kaya ta yi masa murmushi mai kyau. "Baba, mu sayarwa muke yi, ba ma karɓa." Ta miƙo masa wata takarda mai hoton koren ganye, wai keken ba ya hayaƙi, ba ya ɓata iska.

"Na ji ba ya hayaƙi, 'yata. Gawarsa fa, ina ake kai ta?"

Ta ce bari ta tambayi manaja. Manaja ba ya nan.

Mai sayen tsoffin ƙarafa ya ɗaga batirin, ya jinjina shi, ya dire da sauri. "Wannan ba ƙarfe ba ne, rigima ce. Kawo mini ƙashin keken in ka gaji da shi." A ofishin kwashe shara kuwa aka sa shi ya rubuta sunansa a wani dogon littafi, aka ce akwai motar da za ta riƙa karɓar irin wannan. Ya ce yaushe? Aka ce ana shiri. Shi ne ya dawo gida da yamma, ransa a ɓace, ya naɗe batirin da takardar mai koren ganye, ya cusa a tsohon buhun algarara.

Daga nan damina ta kankama, masu dabbobi suka yi ta neman igiya, ya duƙufa kan tufka tun safe har hannunsa ya yi kanta a kan kanta. Mako uku suka wuce, buhu bai faɗo masa a rai ba.

A mako na uku ne Auta, 'yarsa mai shekara bakwai, ta fara ciwon ciki. Ba mai kayar da ita ba, amma kullum sai ta ture kwano ta dafe mara. Matarsa ta ce tsutsar ciki ce, ta ba ta magani. Shi dai hankalinsa bai kwanta ba, don shi mutum ne da ko tari yarinyar ta yi sau biyu sai ya bar aiki ya zo ya taɓa goshinta.

A bayan gidan akwai rami. Tun yana yaro mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, take da wannan tsari: duk abin da ya ƙare a gidan, rami. Ɓawon rama, guntayen igiya, tabarmar da ta mutu, kwandon da gindinsa ya zube, tsoffin littattafan makaranta. Ta zuba, ta rufe da ƙasa, ruwa ya sauka, bayan 'yan watanni a tono baƙin taki a kai wa 'yan kayan lambunsu. Taku huɗu daga ramin rijiyarsu take.

Ran Asabar ya ɗauki shebur ya shiga tonon taki. Ƙasar baƙa wuluk, mai laushi, ga tsutsotsin tana suna ta motsi a ciki. Igiyar bara ta narke, ba ka ce an taɓa tufka ta ba. Littattafan Auta babu abin da ya rage sai 'yan ƙarafan da ke riƙe tsakiyarsu. Yana cikin haka shebur ya daki wani abu, ƙwas.

Ya durƙusa ya share da hannu. Buhun ya fara ruɓewa, takardar mai koren ganye ta zama kamar kunu, amma batirin na nan yadda yake, sai ma abin da ya ƙaru. Gefen da ya kumbura ya tsage, wani farin abu mai ratsin kore ya bushe a bakin tsagar, ga wani wari mai kama maƙogwaro. A kewayensa, faɗin tafin hannu biyu, bai ga tana ko ɗaya ba.

"Inna!"

Ta fito tana gyara ɗankwali. "Wannan kira kamar gobara?"

"Wa ya sa wannan a nan?"

"Ni mana. Ina shara na gan shi, nauyi kamar dutsen niƙa, da ƙyar na jawo shi. Ba ya mutu ba?"

"Ya mutu, amma ba irin na rami ba ne!"

"Kai, raba ni. Shekara hamsin ina zuba kaya a ramin nan, har takalmin ubanka ya shiga, ƙasa ta cinye. Ba shi lokaci."

"Takalmin Baba fata ne, Inna. Wannan roba ce da ƙarfe da wasu abubuwa da ni kaina ban san sunansu ba. Ko jikokin Auta sai sun tarar da shi."

"To me ya sa ka kawo gida abin da ba ka san sunan kayan cikinsa ba?"

Ya juya ya dubi keken a jingine da bango: tayar roba, sirdin roba, wayoyi, fitila. Duk jikinsa babu abin da zai shiga ramin nan ya fito taki, in ban da igiyar da shi ya tufka yake ɗaure kaya da ita. Sai idonsa ya sauka kan 'yar hanyar da ruwan sama ya yi wa kansa, daga bakin ramin ta gangara ta bi gindin rijiya. A daidai lokacin matarsa ta zo da guga.

"Ajiye gugan nan."

"Baban Auta, girki zan ɗora."

"Na ce ajiye! Yaushe yarinyar nan ta fara ciwon ciki?"

Ta dubi ramin, ta dubi rijiyar, ta saki igiyar gugan a hankali. Inna kuwa ta zauna a kan turmi.

Ya rufe bakin rijiyar da kwanon rufi ya danne da duwatsu. Ya sa batirin a tsohon bokitin ƙarfe, ya cika da yashi, ya ɗora can saman katanga inda hannun kowa ba ya kai. Ran Litinin ya ɗora Auta a bayan keken, da kwalbar ruwan rijiya a aljihu, suka nufi asibiti.

Likita ta danna cikin yarinyar, ta duba idonta da harshenta, ta saurare shi har ya gama.

"Yana iya zama tsutsa, Baba. Damina ce, yara da yawa na zuwa da haka."

"Yana iya zama wancan kuma?"

"Ba zan ce maka e ba, ba zan ce a'a ba. Kada dai ta ƙara shan ruwan."

A ɗakin gwaji mai awon ya ɗaga kwalbar ga haske. "Ruwanka garau."

"Malam, ba kyansa na zo tambaya ba."

"Mu ƙwayoyin cuta muke dubawa a nan. Na ƙarfe da sinadari sai an aika babban ɗakin gwaji. Kuma wannan kwalbar ta lemo ce, ba za su karɓa ba. Ka dawo a ba ka tamu."

"To ba ni yanzu."

"Sun ƙare. Leƙo mako mai zuwa."

Mai Igiya ya tsaya riƙe da kwalbarsa, ya haɗiye abin da ya zo masa baki don Auta na kallonsa. Suka fito. A hanya ta kwantar da kanta a bayansa ta ce, "Baba, ƙishirwa nake ji." Ya tsaya ya saya mata ruwan leda, ya tsaya a kanta har ta shanye.

Yanzu kullum da safe matarsa na zuwa famfon bakin titi da jarka biyu. Inna ta daina zuba komai a rami, ko ɓawon rama sai ta tambaya. Auta wata rana ta ci abinci, wata rana ta ture. Har yau ba su san ko abin da ya fito daga batirin ya kai ga ruwan rijiyar ba, ba su kuma san ko shi ne ke damun cikin yarinyar ba.