Zanen Susaiyammal a Bencin Gaba

Arokkiyam ya buga gangar da yatsa, ta ce "buf" kamar an taka jiƙaƙƙen tsumma. Sanyin cocin ya saki fatar. Tun hantsi aka zaunar da shi bayan ginshiƙi, manya na ta jawabi kan shekara ɗari uku na ginin.

"Baba, mu fita a gasa ta a bakin ƙofa," in ji 'yarsa Jebamalai, wadda ke share cocin kowace Litinin.

"In na fita, wa ya ce miki za a sake shigo da ni?"

Shekara sittin yana kaɗa parai, gangar da ake raka gawa da ita, kullum daga waje. Irinsu, da ake ɗauka ƙasƙantattu tun daga haihuwa, ba sa bin babbar ƙofa, da rai ko a akwati. Da matarsa Susaiyammal ta rasu, shekara goma sha ɗaya ke nan, ta ƙofar gefe aka leƙa da ita, aka yayyafa ruwa, aka ce a yi sauri. Ranar bai iya kaɗa mata komai ba. Bana kuwa baƙin birni sun ce kiɗan titi suke so a bikin tarihi, sai ga kwamitin biki har gida, wai ya zo ya kaɗa a cikin coci. Ya ce to. Ya yage bakin shuɗin zanen marigayiyar, ya yi wa gangar maratayi.

Savarimuthu, shugaban kwamiti, wanda ya tare babbar ƙofa a ranar jana'izarta, ya iso yana share zufa.

"Tsoho, saura kai. Yi mana mai daɗi, na rawa. Ban da na makabarta, ka ji ko?"

"Ranka ya daɗe, ganga ta yi sanyi. Sai da wuta."

"Wuta a nan? Ka ɗauka bayan gidanku ne?"

Arokkiyam ya ɗauki gangarsa. Ya miƙe, ya ratsa tsakiyar coci da ƙafarsa babu takalmi, har gaban bagade, teburin ibada, inda kyandirorin manyan gidaje ke ci jere. Ya kifa fatar gangar a kansu, yana juyawa a hankali. Savarimuthu ya buɗe baki, ya ga baƙi sun ɗaga wayoyi suna ɗauka, ya mayar da shi murmushi.

Fata ta ɗaure. Tsohon ya saɓa maratayin a kafaɗa, ya sa makaɗi.

Na makabarta ya kaɗa. Wanda ake yi idan gawa ta bar ƙofar gida, mai jan ƙafa, mai tsayawa kamar numfashi. Tsofaffin gari suka sunkuyar da kai, wata ta ja mayafi ta rufe fuska. Baƙi kuwa suka kama tafi, wata mai baƙin tabarau har da karkaɗa kafaɗa. Jebamalai ta jingina da ginshiƙi tana cizon bakin zanenta.

Da ya gama, aka yi ta ɗaukar hoto da shi. Ya ce ƙafa ta gaji, ya zauna ɗan jim a bencin gaba, mai sunan gidan Savarimuthu a jikin farin ƙarfe.

"Ka yi abin da ka ga dama," Savarimuthu ya ce a kunnensa, haƙora a waje saboda masu hoto. "To tashi. Ku bi ta gefe, baƙi za su fita ta nan."

Suka bi ta gefe. A waje ana sayar da shayi da soyayyen wake, samari na gwada tsalle a kan kwali. Jebamalai ta lura gangar a hammata take.

"Baba, ina maratayin?"

"Na ɗaure shi a ƙarƙashin bencinsu. Uwarki ta zauna a gaba ita ma."

"Ni fa zan yi shara ranar Litinin."

"To kar ki gan shi."