Fuskar Bebe

Saura ƙiris in fasa rubuta labarin Zofira, don har yau a unguwarmu ta Tebis ba a gama gardama kan abin da ta yi ba.

Mijinta Damatiriyos ɗan ƙungiyar 'yan wasan Diyonisos ne, abin bautar masu wasan kwaikwayo. Shi ke fitowa a sarki, ita ke haɗa masa fuskar wasa da yadin lilin da danƙo, ta dasa mata gashi da gemu. In ya ɗaga murya, na can ƙarshen dandali ma sai tsigar jikinsa ta tashi. Lokacin sanyi ya yi fama da tari. Tarin ya tafi, murya ba ta dawo ba. Zofira ta dafa zuma da ɓaure har ta gaji.

Ga shi ana ɗibar maza zuwa yaƙi. Ɗan ƙungiya kaɗai ake ƙyalewa: ba ya ɗaukar mashi, ko ta ƙasar abokan gaba ya bi ba mai tare shi, don na Diyonisos ne. Amma wanda ya daina hawa dandali ya fita daga wannan inuwar.

Ran nan da hantsi tana shanya fuskoki a tsakar gida, sai ga tsoho Asofikos, shugaban ƙungiyar.

"Ina sarkin namu? Ko yana fada ne?"

"Ga ni, Baba," in ji Damatiriyos, da murya kamar ana kankare tukunya.

"Kai! Wannan ai ko akuya ba za ta firgita ba." Tsohon ya yi dariya, ya ga shi kaɗai yake yi, ya bari. "Zauna. Biki ya matso, sarauta mun ba wani. Amma akwai gurbin dogari. Ka sa fuskar bebe, mai rufaffen baki, ka tsaya bayan sarki, ko uffan ba ka cewa. Kana nan cikinmu, ba mai kawo maka garkuwa ƙofar gida."

"Ni? Bayan wanda na koya wa tsayuwa?"

"To, ai tsayuwar za ka ƙara nuna masa."

"Baba, kada ka mai da ni abin dariya. Gobe zan kai fuskata ɗakin bauta in rataye."

Zofira ta san abin da wannan ke nufi. Fuskar da aka rataye wa Diyonisos ba a sauke ta, mai ita kuwa ya yi sallama da wasa ke nan. Kuma sai wadda mutum ya yi suna da ita ake kaiwa, lafiyayya, don ba a miƙa wa abin bauta ɓatacce.

Da tsohon ya fita ta ce, "Maigida, ka taɓa riƙe mashin gaske kuwa? Na dandali ma kara ne, amma kullum sai ka dawo kana kuka da kafaɗa."

"Gara a soke ni da a riƙa nuna ni."

"A cikin fuska wa zai gane ka?"

"Ni zan gane kaina."

"Ni fa? In aka dawo mini da garkuwa babu kai, wa zan yi wa fuska?"

Ya miƙe. Ya sauko da fuskar sarkin daga bango, ya goge ta, ya taje mata gemu a hankali kamar mai lallashin jariri, ya sa ta a kwando ya ajiye bakin ƙofa. Ranar ba wanda ya ci abincin kirki a cikinsu.

Washegari da sassafe, yana barci, Zofira ta ɗauko fuskar. Ita ta yi ta, ta san inda kowane zare ya bi. Ta aske gemun, ta yanke gashin sarauta. Ta jiƙa lilin a danƙo ta liƙa a kan wangamemen bakin fuskar, ta shafe da farar ƙasa har ya koma kamar ba a taɓa buɗe shi ba. Aikin ya yi kyau, fuskar sarki ta koma ta bebe.

Ta mayar da ita cikin kwando, ta ajiye gurasa da zaitun a gefe, ta zauna a bakin ƙofar. Can ciki ta ji motsinsa, ya tashi yana laluben takalmi.