Gishiri a Gonar Bi Chumu

Shinkafar Bi Chumu tana tsaye cikin ruwa, amma ƙishirwa ke kashe ta. Bakin ganyen ya ƙone, ya nannaɗe kamar an gifta masa wuta.

Tun babbar cikar teku ta watan jiya, da ruwa ya haura shingen ƙasar da ya raba gonakinmu da gaɓa, tsohuwar ta san abin da ake ciki. Mu a nan Pemba da harshe ake duba gona. Ta dangwali laka ta lasa, ta tofar. Irin da ke cikin ƙasar nan shi ne na ƙarshe, mai ƙamshin nan da ta gada wurin uwarta. Ko tafi ɗaya ba ta rage a tulu ba.

Ɗanta Shaame ya dawo daga Wete da buhun takin zamani a bayan keke.

"Inna, yunwa ce ke damunta. Dubi yadda ta yi rawaya."

"Lasa ka ji."

"Ni da gemuna zan tsuguna ina cin laka a gaban mutane?"

"Ai ba gemun zai ɗanɗana ba."

Ya yi dariya. Ta kwance ɗanyen mangwaro daga bakin zaninta, ta yanka, ta barbaɗa gishiri, ta ajiye a kan dutse cikin rana. Kafin ya sauke buhun, mangwaron ya fara hawaye.

"Ka gani? Gishiri baƙo ne da ke tsayawa a ƙofa ya kira ruwan gida waje. Haka yake wa saiwa. A inuwa a hankali yake yi, a rana kuwa kamar ana korar sa. Farin abin nan naka ɗan'uwansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Bari ruwan sama ya wanke ƙasar tukuna."

"To, malamar gona. In bai zo ba fa?"

Ta ɗaga kai ta dubi sama, kwana ashirin ke nan tana wankakkiya.

Da tsakar rana Shaame ya watsa buhun duka, har da ƙari inda ta fi rawaya. Ba mugunta ba ce. Ya ga abu yana mutuwa ne, hannunsa ya ƙi zama. Aikin da teku za ta yi a wata guda, shi ya gama shi a kwana uku.

Ruwan ya ƙafe, ƙasa ta tsattsage ta yi farin ɓawo. Shaame ya daina bin hanyar nan.

Ranar Juma'a maƙwabciyarta Bi Time ta iske ta zaune a bakin gonar. Ta yi mata jaje, ta daɗe tana murza gefen mayafi, sannan ta fito da ƙoƙo.

"Yaya, ko zan ɗan kankari gishirin nan? Nawa ya ƙare, ga kifi a kan wuta."

Bi Chumu ta dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan.

"Kankari ta wajen teku," in ji ta. "Na nan da takin Shaame a ciki, zai ɓata miki miya."